Shirun da Aka Yanke

Maijidda tana wanke ƙwarya a gindin gawo lokacin da Zulfa ta kai mata rikoda kusa da baki. Babu namiji ko ɗaya a rugar. Tun jiya suka kora shanu arewa, bayan faɗan da aka yi da manoman wani ƙauye kusa da Zango a kan burtalin da aka shuke da gyaɗa. An kashe manomi guda, Lado, kuma sunansa ya riga ya zagaya gari.

Makon jiya Zulfa ta gama bitar kwana uku a Daura kan ba da labarin rikici. Manyan abokan aikinta sun je ne domin shinkafar rana da takardar shaida. Ita kuwa ta cika littafi da rubutu, ta ja layi biyu a ƙarƙashin doka guda: a ji ta bakin kowane ɓangare. Shi ya sa da editan gidan rediyonsu, Malam Nu'uman, ya ce muryar mai gari ta wadatar, ta hau babur ta nufo rugar ba tare da ta saurare shi ba.

"Inna, a ɓangarenku an rasa wani?"

Matar ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita tas. Zulfa ta sake tambaya, ta ce ko suna kawai a ba ta. Can Maijidda ta ce, "Ni ba ni da ta cewa, 'yar nan."

Babu hawaye, babu zaman makoki. Zulfa ta dubi agogo, ta kashe rikoda.

* * *

A labaran azahar aka ji kukan matar Lado, aka ji mai gari, sannan muryar Zulfa: wakiliyarmu ta ziyarci rugar makiyayan, ba su bayyana wata asarar rai ba. Dogon shirun da ke tsakanin tambaya da amsa ita ta yanke shi da hannunta, don shirin rediyo ba ya son shiru.

Washegari dattawa suka yi zaman sulhu. Tunda ɓangare ɗaya ne ya yi asarar rai, kamar yadda kowa ya ji a rediyo, aka yanke cewa rugar ta tashi kafin Juma'a.

Ranar Laraba Goggo, tsohuwar da ke kawo wa ma'aikata fura da nono, ta sauke ƙwaryarta a bakin ofis, ta ƙi dama wa Zulfa. Ta tambaye ta ko ita ce ta je wurin Maijidda. Ta ce ranar faɗan aka binne Jafaru, ɗan Maijidda, a bayan rugar, da sara a wuya, kafin mazan su gudu.

"To me ya hana ta faɗa mini, Goggo? Sau biyu na tambaye ta."

"Ɗanta na fari ne. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai a bakin ƙarfenki za ta fara? Ke ba a haife ki a ƙasar nan ba?"

A ƙasar nan aka haife ta. Mahaifiyarta har yau "wannan yaron" take ce wa yayansu Maliki. Ta san kunyar ɗan fari tun kafin ta san biro. Amma a takardun bitar, da aka rubuta a wani gari mai nisa, babu layin da ya ce a tambayi maƙwabciya, ita kuma a ranar, takardar ta bi, ta bar abin da ta sani a gida.

* * *

Malam Nu'uman ya saurare ta yana gyara zaman takardar shaidar bitarsa a bango. Ya ce labarin ya kwana biyu, ƙura ta lafa, tayar da shi yanzu tsokanar fitina ne. Ai su ma a bitar an ce a guji rura wuta. Ta ce minti ɗaya take roƙo, a faɗi sunan mamacin kawai. Ya ce ta bari sai bayan Juma'a a gani.

Ba ta jira ba. Ranar Alhamis da la'asar ta koma rugar. Bukkokin sun zama da'irori a ƙasa, sai turaku da busasshen kashin shanu. A bayan gawon ta ga tudun sabuwar ƙasa, an lulluɓe shi da ƙaya saboda karnuka.

Ta zauna, ta laluba rikodar har ta samo asalin ɗaukar, wadda ba a taɓa ba. Ta ji muryarta tana tambaya, cike da gaggawa. Sai shirun ya biyo. Ruwa yana zuba a ƙwarya, hannu yana cuɗawa, yana cuɗawa. A tsakiya akwai wani numfashi da aka ja, aka riƙe, aka haɗiye.

Ta mayar baya, ta ƙara sauti. Babu kowa a wurin da zai ji sai ita.