Takardar Haihuwar 'Yar Fari

Tun da gwamnati ta ce kowa sai ya yi inshorar lafiya ko a ci shi tara, mai walda ya zama lauyan layinsu. Yana ƙona ƙarfe yana ɓaɓatu, wai jikinsa ne ko na gwamnati, da za a tilasta masa sayen abin da bai nema ba? Maƙwabta sai jinjina masa suke yi. Ba su san tsoro ne ke cin bawan Allah ba.

Fom ɗin iyali yana neman takardar haihuwar kowane yaro. Ta 'Yar Fari kuwa sunan ƙanensa ke kai, wanda hatsarin mota ya ɗauke shi da matarsa, yarinyar tana wata biyar. Shekara goma sha shida ke nan yana riƙonta, yana cewa gobe zai faɗa mata gaskiya. Takardar na ƙasan akwatin ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, makullin kuma ba ya barin aljihunsa.

Ranar da za a rufe rajista ya dawo cin abincin rana, ya tarar da 'Yar Fari a kan benci da waya a hannu. Ita ce mai cike-ciken gidan, ƙannenta huɗu sun yanyame ta.

"Baba, kawo makullin. Hoton takardun kawai ya rage."

"Na ce ba na yi. Su ci tarar."

"Tara ba za ta kai Auta asibiti ba in asmarsa ta tashi."

A kicin matarsa ta daina wanke-wanke. Ya kori yaran waje, ya miƙa mata makullin.

Ta ɗauki hoton takardu huɗu, ta ɗauki na ta biyar, ko gezau ba ta yi ba. Ya leƙa ta saman kafaɗarta. Sunayen ƙannenta na layin 'ya'ya. Nata yana can ƙasa, a layin waɗanda ake riƙo, kuma tun kafin a buɗe akwatin ta rubuta shi.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun ina aji uku, na gani a rajistar makaranta. Na ga kana tsoro ne, shi ya sa na yi shiru."

Ya nuna mata layin 'ya'ya da yatsa.

"Goge. Mayar da sunanki sama."

"Fom ɗin ba zai karɓa ba, Baba. Sau uku na gwada."

Ta miƙo masa wayar don ya sa hannu. Baƙin ƙarfen yatsansa na ta ɓata gilashin, sai da ta riƙe masa hannun sannan ya iya rubuta sunansa.