Batirin Gamzaki

Shekara bakwai Birgediya Janar Maiwada Ubale ya yi yana jagorantar shirin tauraron ɗan'adam na soja. Da sashen sadarwa ya fara yana ƙaramin hafsa, aka tura shi karatun injiniya, ya dawo ya yi ta hawa har aka damƙa masa shirin. Tauraron da suka haɗa, Gamzaki suka raɗa masa.

Saura wata biyu a harba shi, batirin ya faɗi gwajin sanyi har sau biyu. Manya suka ce ya sa hannu kawai, an riga an tsayar da rana. Ya ce ba zai sa ba. Cikin mako uku takardar ritaya ta iso masa. A talabijin ya kalli harbawar, ba wanda ya ambaci sunansa.

Bana ya zo Riyad a duba masa ido, ya sauka wajen 'yarsa Bilƙisu, wadda mijinta ke aiki a ofishin jakadanci. Ran nan da rana na'urar sanyaya falo ta tsaya, aka kira mai gyara daga unguwar Batha. Mutumin na shigowa ya ga dattijon, sai ya dire jakar kayan aikinsa ya ƙame.

"Yallaɓai! Saja Mukhtari ne, na ɗakin gwaji."

Janar ya matso da fuskarsa. "Mukhtari? Me ya kawo ka nan?"

"Na ajiye aiki, Yallaɓai. Shekarata huɗu a nan da iƙama, takardar izinin zama."

Suka gaisa. Mukhtari ya kwance murfin na'urar, yana aiki yana satar kallonsa. Can ya ce, "Yallaɓai, an taɓa faɗa maka zancen batirin nan?"

"Ba na tambaya."

"Ai mun canza shi. Bayan tafiyarka aka miƙa wa Manjo Yagana takardar, ita ma ta ƙi. Duk ɗakin gwaji muka ƙi, mu goma sha ɗaya. Da suka ga ba mai sa hannu, suka kawo sabo a ɓoye, suka ce wa 'yan jarida yanayi ne ya jawo jinkiri. Har yau Gamzaki na aiko da hotuna."

Janar ya nemi kujera ya zauna. Bilƙisu ta leƙo daga kicin. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau." Ya cire tabarau ya goge ido da bakin hannun riga. "An hukunta Yagana?"

"Sau biyu aka tsallake ta a ƙarin girma."

"Kana da lambarta?"

Mukhtari ya latsa ya miƙa masa wayar. Ta yi ƙara sau uku, muryar mace ta yi sallama.

"Yagana," in ji shi, "Maiwada ne. Yau na ji abin da kuka yi."