Jinin Aro

Kowace safiya, kafin a ɗora ruwan shayi, matar Direba takan wanke hannu ta zauna a bakin gado ta miƙa yatsa. Mijin ya soke ta da ɗan abin hudawa mai kama da biro, ya matse, ya ɗiga jinin a bakin siririn tsinken da ke maƙale a na'ura, su zuba wa gilashinta ido su biyu. Lamba ta fito, casa'in da wani abu, ko ɗari da 'yan kai. Sai ya ce, "Madalla da jinin ranki ya daɗe," ya mayar da na'urar cikin 'yar jakarta. Ita kuma ta danne wurin da auduga ta nufi kicin.

Ba ita aka ce tana da ciwon suga ba. Shi ne.

Bas ɗin ma'aikata yake ja a wani kamfani, ya kwaso su da safe, ya mayar da su da yamma, tun gashinsa na baƙi. Da ciwon ya bayyana kamfani bai kore shi ba, amma ya gindaya masa sharaɗi. Aka ba shi na'ura da tsinkayen gwaji, aka ce ya gwada kullum kafin ya karya, ƙarshen wata ya kai wa nas ɗin kamfani ta duba. Na'urar ba ta mantuwa, duk lambar da ta fito tana nan ajiye a cikinta. In lambobi sun yi kyau, makulli na hannunsa. In sun hau, a sauke shi daga sitiyari a mayar da shi bakin get, yana buɗe wa yaran da ya koya wa tuƙi. Ɗakuna biyun da suke ciki kuwa, a saman bene, na direbobin kamfani ne. Wanda ya sauka daga mota ya sauka daga benen.

Watan farko da jininsa ya yi, kuma jinin bai rufa masa asiri ba. Direba mutum ne mai raha, mai son mutane, mai son zaƙi fiye da mutanen. A gida ya ci abin da aka ba shi yana yatsina fuska, a tasha kuma, tsakanin kai ma'aikata da ɗauko su, ya kwankwaɗi lemon kwalba mai sanyi ya bi da burodi, ya goge baki. Nas ta latsa na'urar tana kallon lambobi, ta ce in wata mai zuwa ya zo mata da irin waɗannan, hannunta ba zai iya rufe su ba.

Ranar ya dawo gida da fara'ar da ta yi yawa. Ya tarar da ita tana yanka kabeji.

"Uwargida, aro na zo."

"Aron me? Ni da ko keke ba ni da shi."

"Yatsa ɗaya tak. Kina da goma, me za ki yi da su duka?"

Ta yi dariya, don ta ɗauka wasansa ne na kullum. Da ta ɗago ta ga bai yi ba, sai ta ajiye wuƙar.

"Na wata ɗaya kawai," ya ce, "kafin in daidaita."

"In aka gane fa, Malam?"

"Wa zai gane? An rubuta suna a jikin jini ne?"

"Ranar da nas ɗin za ta soke ka da kanta fa?"

"Wannan ki bar ni da ita. In kwana da yunwa, in sha maganina, in je mata fes."

Ta dubi kicin ɗin, da kantar da ya kafa mata da hannunsa, da tagar da take shanya tsumma. Ta ce to. Ba za a ce ta yarda ba, ba kuma za a ce ta ƙi ba. Irin matan nan ce da in aka ce su riƙe ƙofa sai su riƙe, har a gama shige da fice a manta da su a wurin.

Wata ɗaya ya haifi wani, wancan ma ya haihu. Nas ta yi ta yaba masa, har tana ba da misali da shi ga sauran masu ciwon suga. Ya dawo yana kwaikwayon muryarta: "A gaishe mini da mai dafa maka abinci." Mai dafa abincin ta ce tana amsawa.

Tukunya biyu take ɗorawa. Tasa wake ne da ganye, ko kifi da kabeji, ko dafaffen ƙwai, sai shinkafa 'yar kaɗan da take aunawa da ƙaramin kofi. Tata kuwa abin da aka hana shi ne: shinkafar da ta rage, burodin da aka riga aka saya, sukarin da aka ce kada ya taɓa. Yara sun girma sun watse, babu bakin da zai taya ta, kuma ba a zubar da abinci. A tsaye take ci, a bakin murhu, don kada ya gani ya yi kwaɗayi.

Aikinta a ɗakin wanki na wani otal ne, can ƙasa inda babu taga. Injina na juyi, tururi na tashi, zannuwan gado da tawul na saukowa a keken turawa, su fita farare a ninke. Ita ce a kan babban injin guga. Ta kama gefe, abokiyar aikinta ta kama gefe, su miƙa zani cikin bakin injin ya fito ta baya sumul. Abokiyar nan Rediyo ake ce mata, kuma wanda ya sa mata sunan bai zalunce ta ba. Daga safe zuwa tashi za ta ba ka labarin wanda ya kwana a wane ɗaki, da abin da ya zubar a kan matashi. Matar Direba takan ce "uhm" a inda ya kamata.

Ba ta san lokacin da ƙishirwa ta fara ba. Ta dai ga gorarta ba ta kai ta azahar, sai ta sayi babba, babbar ma ta daina kaiwa. Tana sha tana zuwa banɗaki, tana dawowa tana sha. Wani lokaci lambar ɗakin da ke jikin tawul ta yi mata hazo-hazo, sai ta ƙifta ido ta washe.

"Yaya," in ji Rediyo wata rana, "ko dai Direba ya daina ciyar da ke ne? Dubi rigar aikinki, neman faɗuwa take."

"Tururi ne."

"Ni ba a cikin tururin nake ba? Dube ni, ƙofa ma da ƙyar nake wucewa. Ki je a duba ki, wallahi."

Ta so ta ce duk garin nan babu matar da ake dubawa kamarta, amma sai ta ce, "Kama gefenki, ya karkace." Kuma ko a ranta ba ta haɗa wannan da wancan ba. Lambar da ke fitowa da safe ta Direba ce, ta bas ce, ta ɗakuna biyu ce. Ita yatsa kawai take bayarwa.

Sai lambar ta fara hawa. Ɗari da talatin. Bayan 'yan kwanaki ɗari da hamsin. Direba ya karkata na'urar wajen hasken taga, ya dube ta, ya dubi matarsa.

"Me kika ci jiya?"

"Abin da na saba."

"To abin da kika saba zai sauke ni daga mota. Haba Uwargida, ki riƙa tausaya mini mana. Ki rage shinkafar nan."

Da wata matar ce, da ta jefe shi da ludayi. Ita ta ce to, har ma ta ji kunya, kamar wadda aka ba ajiya ta ɓata.

Daga ranar tukunya ta koma ɗaya. Ta kwashe sauran sukarin ta kai wa Rediyo, ta daina sayen burodi, ta ɗaga buhun shinkafa ta ɗora can saman kabad inda sai an taka kujera. Ta ci wake da ganye, ta sha shayi salam, ta daina hawa mota zuwa aiki ta koma tafiya a ƙasa, don ta taɓa jin nas ta ce tafiya na saukar da suga. Da yake ba ta iya yin abu rabi-rabi, sai ta haɗa da shi. Ta sayi kula tana zuba masa abincin rana, ta cika masa gora da ruwan sanyi, in ya dawo ta laluba aljihun wandonsa. Ran da ta sami murfin lemo, sai ta ajiye masa shi a tsakiyar faranti. Ya yi dariya, ya ce an aura masa ɗan sanda. Amma abokan tasha sun fara tsokanarsa da kularsa, shi kuma ya fara alfahari da ita, yana buɗewa yana cewa su zo su ga abincin masu rai. Maganinsa ma da yake sha in ya tuna, yanzu a hannu take ba shi, ta tsaya har ya haɗiye.

Duk wannan bai hana lambar hawa ba. Ta wuce ɗari da tamanin, ta taɓa ɗari biyu, ta ɗan sauko kamar za ta yi hankali, ta sake hayewa. Suka canza yatsa, suka canza hannu. Ta gwada kwana ba ta ci komai ba, da safe ta tashi jiri na ɗibarta, lambar ta fito ba ta san an yi ba. Raha ta ƙare a bakin gadon. Yanzu shiru yake soke ta, shiru take danne audugar. Ba tsoro take ji ba, ba kuma baƙin ciki ba. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya taɓawa, da wani tunani guda da ke zaune mata a ka duk yini: ina za a kai gadon nan in aka ce su tashi, ta wace ƙofa zai fita.

Safiyar da zai kai wa nas na'urar, lambar ta fito ɗari biyu da tamanin da bakwai.

Ya daɗe yana kallon lambar. Ya riga ya sa rigar aiki, makullin bas na kan tebur kusa da kula.

"Abin nan ya lalace," ya ce. "Wallahi ya lalace. Ko batir ne. Mutumin da ke cin ganye kamar akuya ina zai samo wannan?"

Ta danne yatsan da auduga.

"Bari ki gani."

Ya zare tsinken ya jefar, ya sa sabo, ya canza allura. Ya dubi yatsunsa, lafiyayyu, babu ko ɗigon tabo, ya zaɓi na tsakiya. Da abin ya soke shi sai da ya ce "wash," don ya manta yadda zafin yake. Ya ɗiga jinin. Suka jira.

Ɗari da goma sha biyu.

Ya matso da na'urar kusa da ido. Ya sake ɗaukar wani tsinken, ya soki wani yatsan, ya sake gwadawa. Ɗari da goma sha biyar. Sai ya miƙe tsaye, dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, har yana dukan cinya.

"Uwargida! Kin gani? Nawa ne fa wannan! Nawa na kaina! Ashe waken nan naki aiki yake. Kai, Allah ya yi miki albarka."

"Amin," ta ce.

Yana cikin dariyar idonsa ya faɗa kan audugar da ke hannunta, sai dariyar ta rage. Shi ya fi kowa sanin abin da lambarta take nufi, an yi masa bayaninta da hoto a ofishin nas. Ya sosa ƙeya.

"Ke ma fa ki leƙa asibiti in kin sami sarari. Wannan lambar ba ta wasa ba ce."

"To."

"Daga gobe da nawa zan riƙa yi. Kin huta da shan suka."

"To. Na cikin na'urar fa? Nas za ta gani ai."

Ya tsaya da jakar a hannu, yana tunani. Ta ga lokacin da dabarar ta zo masa, don fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Sai in ce na 'yan makonnin nan ba nawa ba ne, matata ce ta ara tana gwadawa. In ba ta yarda ba ta soke ni a wurin, ga yatsa." Ya zuge jakar. "Ai ba ƙarya na yi ba."

"Ba ƙarya ka yi ba," ta ce.

Ya cusa na'urar a aljihu, ya ɗauki kula da makulli. Tana jin takunsa a matakala, da sauri-sauri, har ƙasa, sannan muryarsa yana tsokanar wani maƙwabci. Ta zauna a bakin gadon tana jira ta ji wani abu, haushi ko tsoro, ko kuka ya zo ta yi shi ta huta. Babu wanda ya zo. Ɗakunan dai sun tsira, ta gaya wa kanta, ba sai an fitar da gado ba. Sai da lokacin aiki ya matso ta lura har yanzu tana danne da audugar, jinin kuwa ya daɗe da tsayawa.