Takalman Ziyad

Tun da Abla Mirfat, malamar aji ɗaya, ta aiko a kira ta, Nagat ta kasa ko kurɓar shayi. Saƙon gajere ne: 'yarta Tuka ta kasa ƙirga bibbiyu, kuma in haka ta ci gaba, ajin za ta maimaita. Nagat tana da ƙane da boko ya gagara, har yau a garinsu Sohag ana masa kallon tausayi. Tsoronta ke nan.

Ta sami malama da ɗalibanta a tsakar makaranta. Malama ta jera yara bibbiyu, duk wanda aka kira sai ya bi layi yana taɓa kawuna: biyu, huɗu, shida. Ziyad, abokin tagwaicin Tuka, yana can ƙarshen layi, wuya kamar lagwani, don bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba.

"Ga ta nan, Maman Tuka, gani ya kori ji," in ji malama. "Tuka, bismilla."

Yarinya ta maƙe hannu a baya, ta datse baki, idonta na kan Ziyad. Leɓenta kawai ke motsi. Nagat ta matsa kusa, sai ta ji salati take yi, irin wanda surukarta ke yi duk lokacin da baƙo ya tambayi yawan jikokinta. Tsohuwar nan ko kaji ba ta yarda a ƙirga mata, balle mutane. Kambun baka, in ji ta, ta ƙirge yake shiga.

"Abla, don Allah a ce su cire takalma," in ji Nagat.

"Takalma kuma? Masallaci muka zo?"

"Ki dai gwada."

Aka jera takalma a gindin bango. Tuka ta durƙusa, ta fara zuba lissafi ba ko numfashi, biyu, huɗu, shida, har malama ta saki baki. Don daɗi, Nagat ta zauna a ƙasa da baƙar abayarta ba ta damu ba. Ashe kan yarinyar ƙalau yake.

A talatin da takwas Tuka ta tsaya.

"Saura biyu, 'yata," in ji malama. "Na Ziyad fa?"

Tuka ta kwashe su, ta rungume a ƙirji.

"Arba'in ne, Abla, na sani. Amma bari ya ƙara warkewa tukuna."