Awa Uku a Gidan Ƙanƙara

Takardar ta zo ne a watan Yuli, lokacin da zafin Guangzhou yake sa mutum ya fito daga wanka yana gumi. Wata jami'a a Harbin, can arewacin ƙasar, ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin ginin gadoji. Kwana goma suka ba ni in amsa. Na kira Hajiyarmu a Kano, ta yi hamdala, ta sa mini albarka, sannan ta ce duk abin da Yaya Ilu ya yanke shi ke nan, tunda shi ne a kusa da ni.

Yaya Ilu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa goma sha ɗaya a nan yana aika wa 'yan kasuwa kaya gida ta jirgin sama daga filin jirgin Baiyun, kuma a gidansa na zauna har na gama digirin farko. Na same shi a ofishinsa da ke titin Huanshi Lu yana liƙa lamba a jikin kwalaye. Ya karanta takardar sau biyu, sannan ya buɗe wayarsa ya nuna mini yanayin Harbin a watan Janairu: digiri ashirin da biyar ƙasa da sifili, wani lokaci talatin. Bai ambaci jinina ba, don babu buƙata. Da sikila aka haife ni, kuma gidanmu mun san abin da sanyi yake yi wa mai ita. Yayarmu Habsatu, ita ma mai sikila, ruwan sama ne kawai ya dake ta a hanyar makaranta, kwana shida aka kai ta makwancinta.

"Ke da ko fanka sai kin ce a rage," in ji shi, yana miƙo mini takardar. "Ki nemi wata makarantar, Fasuma."

Na ce masa babu wata makarantar da ta kai wannan a fannina, kuma ni ba Habsatu ba ce. Na ga maganar ta soke shi, amma ban janye ba. Na tuna masa da wani katafaren gini a unguwar Huadu inda ake ajiye dusar ƙanƙara duk shekara, mutane suna shiga wasan zamiya. Tikitin awa uku ne. Na ce idan na cika awa ukun ban fito ba, ya gaya wa Hajiya ya amince. Ya yi dariya ya ce to. Daga baya ya gaya mini ya ɗauka ko minti ashirin ba zan yi ba.

Tun ina ƙarama aka san ni da dauriya. Ko ciwon ya kai inda ya kai, ban taɓa yin kuka a gaban mutane ba. Masu jinya sukan nuna ni su ce wa sauran yara su yi koyi da ni. Da wannan yabon na girma, har na ɗauka babu abin da cije haƙori ba zai iya ba.

Ranar Asabar muka tafi mu uku, da Shetu, wata 'yar zangon Kumasi mai fitar da takalma daga unguwar Liwan, wadda nake yi wa tafinta a kasuwa. Ta ce ta zo ne don ta ga ranar da injiniya za ta sha ƙasa. A bakin shiga aka ba mu riguna masu kauri, da hular kwano, da takalma masu nauyi kamar an ɗaura wa mutum bulo, da dogayen allunan da ake maƙala wa ƙafa, da sanduna biyu. Yaya Ilu ya ce shi bai yi wa kowa laifi ba da zai shiga firiji da ƙafarsa. Ya zauna a wurin shan shayi, bayan wani babban gilashi da ake hango cikin filin.

Ƙarfe goma daidai muka shiga. Allon da ke bango ya nuna digiri biyar ƙasa da sifili. Iskar ta shiga hancina kamar an shaƙa mini barkono, amma sai na ji daɗi, don ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Wata malama 'yar ƙasar ta koya mana yadda ake haɗa kawunan allunan a tsaya. Shetu ta faɗi sau huɗu kafin ta yi taku goma.

"Wallahi kakata ba ta haife ni don wannan ba," ta ce, tana zaune a ƙasa ƙafafunta sun harɗe. "Injiniya, zo ki gina mini gada in fita."

Minti arba'in ta yi ta miƙa wuya, ta koma wajen Yaya Ilu. Ni kuwa abin ya karɓe ni. Na hau bel ɗin da yake kai mutane saman gangare, na sauko ban faɗi ba, na sake hawa. Malamar ta ɗaga mini babban yatsa. A awar farko na manta da kowa. Na riƙa ganin kaina a kan kogin Harbin da aka ce yana daskarewa har mota ta bi ta kai.

Wajen sha ɗaya da rabi yatsun hannuna suka fara. Duk mai sikila ya san wannan sallamar: wani ɗan nauyi a cikin ƙashi, kamar ana murɗa ƙusa a hankali. Na san abin da ya kamata in yi, in fita, in sha ruwan ɗumi, in haɗiyi magani. Na dubi gilashin, na ga Yaya Ilu a tsaye ya manna goshinsa yana nemana. Na ɗaga masa sanda, na sake hawa bel.

Daga nan ciwon ya sauka ƙwaurina, ya hau bayana. Na daina gangarowa da sauri, na koma yin lissafi: hawa minti uku, saukowa minti biyu, tsayuwa a gefe kamar ina gyara safar hannu minti ɗaya. Duk sanda na zo saitin gilashin sai in miƙe in saki fuska. Da na wuce sai in tanƙwara in jingina da sanduna. Malamar ta zo ta dube ni, ta ce leɓena ya canza launi, ko akwai matsala. Na ce mata "meiyou," wato babu. Yara 'yan shekara biyar suna wuce ni suna ihu, kumatunsu jajaye, babu abin da ya dame su. Wannan ya fi ciwon ba ni haushi.

Rabin awar ƙarshe ban san yadda na yi ta ba. Na dai san ina karanta duk addu'ar da na iya, ina kallon agogon bango. Da ya nuna ƙarfe ɗaya na ƙara minti biyu, don kada a ce na yi gaggawa. Na cire allunan da kaina, na fito da ƙafata.

Yaya Ilu ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya tambaye ni jikin, na ce lafiya lau. Sai ya ciro waya a gabana ya kira Hajiya, ya ce mata ya amince Fasuma ta tafi. Shetu ta rungume ni tana cewa namiji ma sai haka. Rungumar ta kusa sa ni suma.

A mota na daure har rabin hanya. Daga nan sai na ji wani sauti yana fita, ban gane daga bakina yake ba sai da Shetu ta riƙe kaina. Shekarata ashirin da huɗu, ranar ce wana ya fara jin kukana. Bai juyo ba, ya dai karya kan motar zuwa asibiti.

An yi mini ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini, ciwon ya taɓa ƙirjina har aka sa mini abin numfashi. Da na fara dawowa hayyacina, likitar ta tambaye ni abin da ya faru. Na gaya mata da harshensu, ban ɓoye komai ba, har da zancen Harbin. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a can wata biyar ake yi ana sanyi, kuma biyar ƙasa da sifili rana ce mai daɗi a wurinsu. Ta ce ita ba za ta hana ni ba, amma tunda ni mai lissafi ce, in lissafa.

Na jira Yaya Ilu ya janye maganarsa. Da ya janye, da na samu wanda zan yi faɗa da shi, kuma da na ci gaba da cewa hana ni aka yi. Bai janye ba. Kullum yana zuwa da kunun gyaɗa daga gida, ya zauna ya yi ta amsa wayar masu kaya a hankali. A rana ta huɗu, saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, ya shigo da wata ƙatuwar jaka. Ya zazzage ta a kan gado: doguwar riga mai cike da gashin agwagwa, takalma masu gashi a ciki, hula mai rufe kunne, safar hannu kala uku. Ya ce ya zaga kasuwa ya tambayi wani laoban, wato mai shago, ɗan arewacin ƙasar, mutumin ya rantse masa da wannan rigar ake aiki a waje a talatin ƙasa da sifili.

"Na ba ki magana," ya ce, bai dube ni ba. "Sai dai ki riƙa kirana kullum. Ko ba ki da abin faɗa."

Idanunsa sun yi ja. Na san ya je kasuwar ne yana tuna Habsatu, kuma duk da haka ya saya.

Na ce ya miƙo mini wayata. Yatsuna a kumbure suke, da guda ɗaya na rubuta wa jami'ar cewa na gode, ba zan samu zuwa ba. Na goge, na sake rubutawa, don na farkon ya yi kama da neman a tausaya mini. Na aika, sannan na nuna masa.

Bai yi murna ba. Ya zauna a bakin gadon, ya tambaye ni me zai ce wa Hajiya.

"Ka ce mata ni na fasa. Ba kai ba, ba likita ba."

Ya gyaɗa kai, ya fara mayar da kayan cikin jaka. Na ce ya dakata, ya sa mini rigar in ji. Ya ɗora mini ita a kafaɗa a hankali saboda robar ƙarin ruwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma nan da nan ɗuminta ya ratsa ni. Wata mai jinya ta leƙo ta yi dariya, ta ce a Yuli? Na zauna a cikinta kamar minti biyar, har gumi ya fara tsattsafo mini, sannan na ce ya cire ya mayar wa mai shagon.