Jan Giris

Ottavio ya zaro murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura ƙwayoyin katako zuwa wuta a murhun ɗumama ɗakinsu, ya kwantar da shi a kan jarida. Garin katako ne kawai ya cushe shi. Sai da ya kai hannu gindin ƙarfen ya lura da boris ɗin da ƙarfen ke juyawa a kai. Boris ɗin sabo ne fil, an laɓta masa jan giris. Duk ƙauyen mutum ɗaya ke aiki da jan giris: Tullio, maƙwabcinsu na jikin bango, wanda ya nemi auren Nives, matar Ottavio, tun suna samari, Ottavio ya kasa shi.

"Nives! Wa ya taɓa mini murhu?"

Matar ta leƙo daga kicin, muciyar tuƙa polenta, tuwonsu na masara, a hannu. "Tullio ne. Bara, kana asibiti."

"Shi ne kika yi gum?"

"In faɗa maka, ɗinkin zuciyarka ya farke? Ƙanƙara ta toshe ƙofa, murhu ya mutu. So kake ka dawo ka tarar da ni a sandare?"

"Ya zauna?"

"A'a, da ƙafa ɗaya ya tsaya har ya gama. Kai tsoho, ka ji kunya!"

"Kin ba shi kofi?"

"Har da biskit."

Kishi ya turnuƙe shi. Abin da ya fi ƙona masa rai, aikin ya yi kyau. Ashe duk hunturun da ya yi yana cika baki cewa murhunsa ko tari ba ya yi, ɗumin hannun Tullio yake sha, a gidansa, gaban matarsa.

Ya sauka ɗakin ajiya ya tono tsohon boris ɗin a gwangwanin tarkace, don Nives ba ta yar da komai. Ya cire sabon, ya goge jan giris ɗin tas, ya mayar da nasa, ya ɗaure notuna yana huci.

Ya kunna. Ƙarfen ya juya, ƙwayoyi suka zubo, wuta ta kama. Sai kuma ƙiii, ƙiii, ƙara mai tsinka haƙori ta cika gidan.

"Zai daina," in ji shi.

Bai daina ba. Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tullio ne, jakar kayan aiki a hannu, gashi a taje.

"Ta bango na ji kukansa," ya ce, yana karkaɗe takalmi. "Zauna ka huta, Ottavio. Na san cikin murhun nan."