Tayin da Dokta Tahani Ta Ƙi

Dokta Tahani ta dawo ƙauyensu na kusa da Baltim daga Alƙahira da fasfo a jaka, biza kuwa babu. Ta tarar da mahaifinta Hajji Sabri a barandar gida yana shan shayi, ƙanwarsa Gwaggo Ni'imat tana gefe tana tsince wake.

"Sun ba ki?" in ji tsohon.

"Sun ce sai bayan shekara biyu, Baba."

"Shekara biyu! Sata kika yi musu?"

Ba sata ta yi ba. Doka ce kawai: duk malamin da ya je Amurka a shirin musayar masu bincike, da zarar an rufe shirinsa, ba zai sake komawa da irin wannan biza ba sai ya yi shekara biyu. Ita kuwa shekara uku ta kwashe a wata jami'a can tana auratayyar irin shinkafa, tana neman wadda za ta jure gishiri. Ruwan teku ya daɗe yana kutsowa ta ƙarƙashin gonakinsu, rabin gonar Hajji Sabri ma ta yi fari fat, ko ciyawa ba ta fitowa. Irin da ta samu yana can a tukwane cikin ɗakin gilashi na rainon tsirrai. Kaka na wucewa jami'ar za ta kwashe tukwanen ta ba wani wurin, wahalar shekara uku ta bi ruwa.

"To wa ya rufe shirin?" Gwaggo ta tambaya. "Ba gaisuwar mutuwa kika zo ba?"

Nan Tahani ta sunkuyar da kai. Ranar da aka bugo mata waya cewa mahaifiyarta ta rasu, ta je ofishin baƙi na jami'ar idanunta a kumbure, ta ce za ta gida kuma sai an yi arba'in za ta iya tunanin dawowa. Matar ofishin ta ce, "Ko mu bar miki shirin a buɗe har ki dawo? Akwai ɗan aiki a ciki, amma zan iya." Tahani ta dafa ƙirji yadda aka tarbiyyantar da ita, ta ce, "A'a, kada ki wahalar da kanki." Ta tsaya jiran tayi na biyu, wanda shi ma za ta ƙi, sannan a na uku ta karɓa da godiya. Matar ta ce to shi ke nan, ta yi mata ta'aziyya, ta danna na'ura ta rufe shirin.

Gwaggo ta saki tiren wake. "Sau ɗaya ta yi miki tayi? Sau ɗaya tak? Wannan wace irin mata ce, ba ta da uwa ne?"

"Haka suke, Gwaggo. In ka ce a'a, a'a suke ji."

"To ke da kika yi shekara uku a cikinsu, me kika koyo? Shinkafa kaɗai?"

Hajji Sabri bai yi dariya ba. Ya dubi gonar, ya ce a hankali, "Uwarki ce ta koya miki. Baƙo bai taɓa ganin ta miƙa hannu a tayin farko ba." Maganar ta soki Tahani, ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, kukan uwa da na aiki a haɗe.

Bayan la'asar washegari waya ta yi ƙara. Farfesa Lorraine ce, shugabar ɗakin bincikensu, tsohuwa mai magana kai tsaye. Tahani ta fito baranda saboda a nan ne waya ta fi kamawa. Farfesa ta ce ta bi ofis-ofis, dokar ba ta lanƙwasuwa, ɗakin gilashin kuma ba za a ƙara musu ko mako ba.

"Amma ina da wani tunani," in ji ta. "Dokar ta hana ki zuwa, ba ta hana ni ba. Mu a tukunya muke zuba gishiri da cokali, ku kuwa kuna da na gaske. In girbe irin, in nemi izinin fitar da shi, in kawo miki mu shuka a can? Wahala ce babba, kuma ba na son jirgi, amma zan iya."

Ai kafin Tahani ta yi tunani, hannunta ya riga ya hau ƙirji, kanta ya karkace. "Haba Farfesa, kada ki..."

Hajji Sabri ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, amma hannun nan ya san shi. Ya ajiye kofi da ƙarfi har shayi ya fantsalo. Tahani ta dubi hannunta, ta dubi farar gonar da ke bayan gida. Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi zafi, ta ji kamar roƙo take yi a kasuwa. Ta sauke hannun.

"E," ta ce. "Ina so. Don Allah ki zo."

"Madalla," in ji Farfesa, ta fara lissafa abin da za a tanada.

Da ta kashe waya ta fassara musu, Gwaggo ta riƙe haɓa. "Da tayin farko kika amsa? Matar nan za ta ce mayunwata ne mu!"

"Ta ce ɗin," in ji Hajji Sabri. "Mayunwatan ne."

A farkon bazara Farfesa ta sauka da akwati guda na kaya da ƙaramin akwatin iri. Gwaggo ta jera mata kifi da shinkafa da gurasar fatir da zuma. Da ta ci ta ce ta ƙoshi, Gwaggo ta ƙara mata, ta sake cewa ta ƙoshi, aka sake ƙarawa. Tahani ta raɗa mata cewa a gidan nan a'a ba ta aiki, ta haƙura kawai.

Suka shuka a ɓangaren da ya yi fari. Hajji Sabri, mai ciwon gwiwa, kullum da safe sai ya dogara sanda ya je ya duba. Wata safiya Tahani ta hango shi durƙushe a bakin kunya, ta ruga a guje tana zaton faɗuwa ya yi. Tsiro ne, siriri, kore, a tsakiyar ƙasar da ta yi shekaru ba ta ba shi komai ba.

"In ɗaga ka, Baba?"

Ya miƙo mata hannu bai jira ta sake tambaya ba.